Ranar Da Waya Ta Yi Shaidar Zur

Hausawa suka ce gani ya kori ji, kuma akwai wani dattijo a unguwar Fagge cikin Kano wanda ya riƙe wannan karin magana tamkar doka tun yana saurayi. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana aikin akawu a wata masaƙa a Bompai, har zuwa ranar da aka rufe ta aka sallami ma'aikata. A cikin wannan aiki ya koyi abu ɗaya da bai taɓa saki ba, watau baki yana iya juyawa, amma abin da aka rubuta a littafin lissafi yana nan inda aka bar shi. In ɗan ƙwadago ya ce dila goma ya ɗauka, takarda kuwa ta ce tara, to, ladan tara za a ba shi.

Dattijon yana da ɗan fari namiji, wanda saboda kunya ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "yaron nan". Shekarun baya ya ba yaron jari ya tafi Sabo ta Badun neman kuɗi, amma ya faɗa hannun abokan banza, cacar ƙwallo ta cinye jarin, ya daɗe yana yi wa gida ƙaryar cewa kasuwa tana ci gaba, kana daga bisani ya komo da jaka ɗaya da kunya. Bayan shekara biyu, da uban ya ga alamar nadama, sai ya sayar da ɗan filin da ya mallaka a bayan gari, ya sake haɗa masa jari, ya tura shi wurin ƙanensa mai sayar da goro a Agege ta Ikko. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa a gaban uwarsa da baffan: ƙafarsa kada ta sake taka Badun.

Wata rana da dare, bayan an yi sallar lisha, uban ya buga wa yaron waya ya tambaye shi inda yake. Ya ce, "Baba, ina ɗakina a Agege." A kwanakin nan ne ƙanwar yaron ta nuna wa dattijon cewa mutum yana iya aika wa wani taswirar wurin da yake tsaye ta cikin waya, abin kuwa ya burge shi ƙwarai, domin ya yi kama da littafin lissafi. Sai ya ce, "To, aiko mini da taswirar nan in gani." Yaron ya aika ba tare da ya duba ba. Da dattijon ya sa tabarau ya buɗe, sai ga ɗigo ya sauka daram a tsakiyar Sabo ta Badun, fiye da kilomita 100 daga Agege. Bai ce uffan ba, ya kashe wayarsa, ya kwanta, amma idonsa biyu har asuba.

Kwana tara aka yi uba ba ya amsa kiran ɗansa. Baffan ya buga ya rantse ya ce, "Yaya, wallahi a daren nan tare muka ci tuwo, ni na sallame shi ya shiga ɗaki." Dattijon ya ce, "Kai baffansa ne, tilas ka rufa masa asiri. Ita kuwa waya ba ta da ɗan'uwa, kuma ba a ba ta toshiyar baki." Uwar yaron ta yi shiru irin na uwar ɗan fari, abinci dai ya daina shiga. Har dattijon ya fara lissafin yadda zai sa a ƙwato abin da ya saura na jarin, a maido masa kuɗinsa.

Ganin magana tana neman lalacewa, sai baffan ya ɗauki yaron da wayarsa suka nufi babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja, suka sami wani saurayi mai gyaran waya. Ya fita da ita bakin titi, ya buɗe taswira, ɗigo ya sauka a Ikeja ba kuskure. Ya ce, "Alhaji, wayar nan lafiyarta ƙalau." Sa'an nan ya juya ga yaron ya yi masa tambaya uku: a waje yake ko a cikin ɗaki sa'ad da ya aika? Yana da akwatin Wi-Fi a ɗakin? Sabo ya saye shi, ko kuwa na hannu ne? Amsar tambaya ta uku ce ta warware ƙullin, amma kafin a zo kanta, ya kamata mai karatu ya san yadda waya take gane wurin da take, domin jama'a da yawa suna ɗauke da ita dare da rana ba su taɓa tambayar wannan ba.

Hanyoyi uku ne manya. Ta farko ita ce ta taurarin ɗan Adam, wadda aka fi sani da GPS. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro ta, suka harba tauraro na farko a 1978, tsarin kuma ya kammala a 1995. Taurarin suna shawagi a nisan kilomita wajen 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini, yana ta shelar inda yake da kuma ainihin lokaci. Wayar ba ta aika musu kome, saurare kawai take yi. Da yake saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, in ta auna jinkirin isowar saƙo sai ta san nisanta da tauraron, in kuwa ta ji huɗu a lokaci guda, lissafi ya fita. A fili, ƙarƙashin sararin sama, kuskurenta bai cika wuce mita 5 ba. Rasha da Sin da Tarayyar Turai su ma suna da nasu taurarin, wayoyin zamani kuma suna sauraron su duka. Sai dai muryar da ta taso daga wannan nisa tana isowa a raunane ainun, rufin kwano da dakalin siminti suna tare ta. Saboda haka da zarar mutum ya shiga ƙuryar ɗaki, musamman a gidan bene, wayarsa ta kurmance daga sama.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙarfen sabis, irin waɗanda suka cika garuruwan Nijeriya tun da aka soma harkar wayar hannu a 2001. Kowane ƙarfe yana da lambarsa, an kuma san inda aka kafa shi. Wannan hanya tana iya faɗin unguwar da mutum yake, amma ba ta iya nuna ƙofar gida, gama kuskurenta yakan kai ɗaruruwan mitoci a cikin birni, a ƙauye kuwa har kilomita da dama.

Hanya ta uku, wadda ita ce ke aiki a cikin gida, ita ce ta Wi-Fi, kuma ita ce mutane suka fi jahilta. Kowane akwatin Wi-Fi, wanda 'yan kasuwa ke kira rauta, yana da lambar shaida tasa ta kansa mai gurbi 12, haruffa da alƙaluma a gauraye, wadda aka ba shi tun daga masana'anta. Muddin yana kunne, kusan sau goma a kowace daƙiƙa yakan yi shela ya faɗi sunansa da wannan lamba, ko da mai saurare ko babu. Waya ba ta bukatar kalmar sirri kafin ta ji wannan shela, ba ta ma bukatar shiga akwatin. Takan tattara lambobin dukan akwatunan da take ji, na gidan da na maƙwabta da na kantin bakin titi, ta lura da wanda muryarsa ta fi ƙarfi da wanda ta yi rauni, kana ta tambayi wani babban kundi da ke hannun kamfanonin da ke tafiyar da wayoyi, kamar Google da Apple. A cikin kundin an rubuta inda aka taɓa jin kowace lamba. Daga nan sai a yi ƙiyasi: tun da tana jin wannan da ƙarfi, wancan kuma sama-sama, lalle tana tsakaninsu, kusa da na farkon. Inda akwatuna suka yawaita, kuskuren bai cika wuce faɗin gida biyu ko uku ba.

Misalin abin shi ne makaho wanda ya daɗe a gari. Ba ya ganin alama ko ɗaya, amma in ya ji ƙarar injin markaɗe a damansa, ya ji bugun maƙera a hagunsa, ya kuma ji muryar mai ƙosai a gabansa, ya san kan layin da yake, ba ya ɓata. Ilminsa duka ya dogara ne a kan cewa mai injin da maƙerin da mai ƙosan suna nan inda ya san su. Ranar da mai injin markaɗe ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa, makahon zai ji ƙarar da ya saba, ya rantse yana tsohon layi, alhali kuwa ya yi nisa da shi.

To, wa ya rubuta wannan kundi? Wani kamfani mai suna Skyhook, wanda aka kafa a birnin Boston na Amurka a 2003, shi ne ya shahara da soma aikin. Ya ɗauki direbobi suna bin tituna layi-layi da motoci masu na'urar saurare, duk lambar da suka ji sai a rubuta ta tare da wurin da GPS ya nuna. Wayar iPhone ta farko, wadda ta fito a 2007, ba ta da GPS ko kaɗan, kuma a watan Janairu na 2008 shugaban kamfanin Apple na lokacin, Steve Jobs, ya ba da sanarwar cewa za ta riƙa gane wuri da taimakon kundin Skyhook. A 2010 Apple ya koma amfani da kundinsa na kansa. Google shi ma ya yi amfani da motocinsa masu ɗaukar hoton tituna wajen tattara lambobin. A yau kuwa ba a bukatar motoci, domin wayoyin jama'a ne da kansu ke aikin. Duk wanda ya bi ta ƙofar wani gida da waya a aljihu, tana jin taurari tana kuma jin akwatin gidan, to, mai yiwuwa ne ta kai rahoto cewa lamba kaza tana wuri kaza. Ta haka kundin yake girma, ta haka kuma yake gyara kansa.

Yanzu sai a koma Ikeja. Da mai gyara ya yi tambaya ta uku, yaron ya sunkuyar da kai. Ɗakinsa yana ƙasan wani bene, a can ciki, ga dakali a sama ga bango ko'ina, sabis ba ya shiga sai da ƙyar. Domin haka ya sayi akwatin Wi-Fi ya ajiye a tagar zaure, da wani ƙarami mai ƙara masa ƙarfi ya sa a ɗakin. Duka biyun na hannu ne, kuma ya saye su ne da araha daga wani tsohon abokinsa na Sabo wanda ya rufe shagonsa ya zo Ikko. Shekaru akwatunan nan suka yi suna shela a Badun, dubban wayoyi sun ji su a can sun kai rahoto. A daren da uban ya nemi taswira, wayar ba ta jin tauraro, ba ta jin ƙarfen sabis sosai, ba ta kuma jin wani akwatin maƙwabci da kundi ya sani. Shaidu biyu kaɗai ta samu, dukansu kuwa kundi ya ce mazauna Sabo ne. A bisa al'ada, in akwati ɗaya ya saɓa wa sauran, tsarin yakan yi watsi da shi ya bi masu rinjaye, amma a nan babu wanda zai ƙaryata su.

Wani abin lura shi ne da'irar nan mai haske da ke kewaye ɗigon a taswira. Ita ce ke nuna iyakar shakkar wayar: in ta yi faɗi, wayar tana cewa ba ta tabbata ba, in ta tsuke, ta amince da lissafinta. A daren nan da'irar ƙarama ce, domin wayar ta gaskata shaidunta ɗari bisa ɗari. Watau ƙanƙantar da'ira tana nuna ƙarfin amincewar na'ura ne kurum, kuma na'ura tana iya amincewa da abin da ya riga ya tsufa. Irin wannan kuskure yana samun mutane a ko'ina cikin duniya in sun yi ƙaura da akwatinsu. Canza sunan akwati ba ya magance shi, gama lambar ake bi. Abin da ke magance shi shi ne wayoyi masu jin taurari su riƙa jin akwatin a sabon mazauninsa suna kai rahoto, har sabon labari ya rinjayi tsoho, wannan kuwa yakan ɗauki kwanaki ko makwanni.

Akwai kuma wani ɓangare na maganar da ya fi rikicin gida ɗaya girma, shi ne na sirrin jama'a. A watan Mayu na 2010, bayan hukumomin kare bayanan jama'a na Jamus sun matsa da tambaya, Google ya amsa cewa motocinsa ba lambobi kaɗai suka kwasa ba, har da gutsattsarin saƙonnin mutane daga akwatunan da ba a kulle da kalmar sirri ba, a ƙasashe fiye da 30. A 2013 ya yarda ya biya dala miliyan 7 ga jihohi 38 na Amurka da gundumar babban birninsu domin a kashe maganar. Har ila yau, a 2024 wasu masana biyu na Jami'ar Maryland, Erik Rye da Dave Levin, suka nuna cewa kundin Apple yana da saurin baki: in aka tambaye shi lamba ɗaya, yakan ba da amsa har da wuraren wasu akwatuna na kusa da za su kai 400. Da wannan suka tattara wuraren akwatuna fiye da biliyan 2 cikin shekara guda, suka iya bin sawun na'urorin da ke shiga da fita fagen yaƙin Yukren, suka kuma ga yadda akwatuna ke ɓacewa a Gaza. Ma'anar wannan ga talaka a fili take. Mutumin da ya gudu daga wani mugu, ko matar da ta bar gidan da ake cutar da ita, in sun tafi da akwatinsu, lambarsa tana iya tona sabon mazauninsu ga wanda ya san ta.

Mai akwati yana da 'yar dabara a hannunsa. Tun watan Nuwamba na 2011 Google ya ce duk wanda ya ƙara kalmar _nomap a ƙarshen sunan akwatinsa ba za a sa shi a kundi ba, Apple ma ya bayyana a 2024 cewa yana bin wannan ƙa'ida. Mai waya kuma ya sani cewa a wayoyi da yawa kashe Wi-Fi ba ya hana ta sauraron akwatuna, sai an shiga saitin wuri an kashe wannan daban. Amma kafin mutum ya yi gaggawar kashe kome, ya tuna cewa wannan hanya ce take sa mai kawo saƙo ya sami ƙofar gida a unguwar da ba ta da lambar titi, kuma a ƙasashen da suka tsara abin, ita ce take nuna wa motar asibiti gidan da aka yi kiran gaggawa, ko da mai kiran ya kasa magana. Wuƙa ɗaya ce, tana yanka nama tana kuma yanka yatsa.

Da suka komo Agege, baffan ya yi shawara mai kyau. Ya buga wa 'yar dattijon, ya ce ta kai wa babanta waya a yi kira mai hoto. Dattijon ya karɓa da ɗaurarriyar fuska. A kan idonsa yaron ya tsaya a tsakiyar titi, ga motocin haya masu ruwan ɗorawa suna wucewa, ya aika taswira da wayarsa, ɗigo ya sauka a Agege. Sa'an nan baffan ya bi shi da tasa wayar har cikin ɗaki, aka rufe ƙofa, aka ɗan jira, ya sake aikawa. Ɗigo ya tashi ya koma Sabo ta Badun. Aka cire akwatunan biyu daga wuta, aka sake gwadawa, sai ɗigo ya dawo Ikko da wata ƙatuwar da'ira da ta rufe unguwa guda.

Dattijon ya daɗe bai yi magana ba. Ya tuna wani abu da ya sani sarai tun yana masaƙa, amma ya mance: littafin lissafi ba ya faɗin abin da ke cikin sito, sai dai abin da akawu ya rubuta ranar da ya ƙirga, in kuwa an kwashe kaya ba a gyara littafi ba, mai gadi marar laifi ne ke kwana a hannun 'yan sanda. Sau nawa ya yanke wa ɗan ƙwadago lada a kan takarda, ba tare da ya tashi ya ƙirga dilolin da idonsa ba? Abin da ya ɗauka gani ne a daren nan, ashe ji ne, jin ma na bakin wanda ya ji daga wani.

Duk da haka bai bar ɗayar maganar ta wuce ba. Ya ce, "Wa ya sayar maka da akwatunan?" Yaron ya faɗi gaskiya, ya ce ya ɓoye ne don tsoron ɓacin ran Baba. Uban ya ce, "Da ka faɗa mini tun farko, da kwana taran nan ba su faru ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu." Yaron ya ce, "Na tuba, Baba." Dattijo irin wannan ba ya buɗe baki ya nemi gafarar ɗan cikinsa, kowa a gidan ya san haka. Abin da ya yi shi ne ya gyara murya ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" Daga nan ya miƙa wa uwar yaron waya, ya fita zaure.

Bayan mako uku ɗigon ya koyi hanyar Agege da kansa, ko a ƙuryar ɗaki ba ya ƙara kuskure. Amma dattijon bai sake neman a aiko masa da taswira ba. In yana son sanin inda yaron yake, yakan buga ya tambaye shi, in kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi baffan. Masu aika wa juna taswira suna yanke hukunci a kanta, miji da mata, uba da ɗa, maigida da yaronsa, ya kamata su tuna cewa shaidar da ba a iya yi wa tambaya ba a rufe shari'a da ita. Allah Ya kiyashe mu da zargin marar laifi, amin.